Fili ɗaya, suna uku: Millennium City ne, Ɗanbushiya ne, ko Ɗanhono?

Baban Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsallaken kogin Kaduna sosai. Shekara 11 ke nan ina haya a Kawo, ɗaki biyu, ni da iyali da yara huɗu. Bana na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin babur ɗin da na sayar, na ce bari in nemi fuloti ko da ginin sai Allah ya hore. Ranar Asabar dillali ya kai ni. Muka haye gada, muka sauka daga kwalta, ya nuna min fili 50 da 100 a gefen wata bishiyar mangwaro, maƙwabcin har ya kai gininsa linta. Tun a hanya Millennium City yake ta ambata. Da ya miƙo min takardar cinikin mai filin, sai na ga Ɗanhono aka rubuta. Na gaida wani dattijo da ke alwala a ƙofar gida, na tambaye shi sunan wurin, ya ce su dai Ɗanbushiya suke faɗa idan za su hau mota. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Gumina ne na shekaru, kuma an ce in kai kafin alƙalami ranar Alhamis. Wuri ɗaya ne, ko wani fili aka nuna min aka ba ni takardar wani?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam Baban Hanan, kwantar da hankalinka tukuna. Ni a Keke nake zaune, kuma ni ma idan baƙo zai zo daga Zariya ce masa nake Millennium City. Wannan sunan gwamnati ne, ya fito ne da shirin sabon birni a gabashin kogi zamanin Gwamna Namadi Sambo, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2010. Amma shirin ya tarar da mutane da gonakinsu. Ɗanbushiya, Ɗanhono, Keke, duk ƙauyuka ne masu sunansu tun da can, a ƙaramar hukumar Chikun. Gari ya ci gonakin da ke tsakaninsu, gida ya haɗe da gida, shi ya sa baƙo ba ya gane inda wannan ta tsaya waccan ta fara. Dillali kuwa sabon sunan zai kira, don shi ke ɗaga farashi.

Dattijon Tudun Wada:
Yaro, Kaduna ta gaji haka. Babbar kasuwa sunanta Sheikh Abubakar Gumi, amma wa ka taɓa ji ya faɗa wa kwandasta haka? Kasuwa kawai ake cewa. Kabala ma uku gare mu, Kabala Costain, Kabala Doki, da Kabala West can ta bayan gari. Na taɓa tura jikana ta'aziyya wannan ya tafi waccan. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake haifa a can yanzu, wasu ba su san ƙauyen da aka gina gidansu a kai ba.

Ummu Khalil:
Yaya, bambancin suna kaɗai ba ya nuna cuta, amma kada ka biya ko sisi a kan suna. Ka nemi mai unguwar wurin ya zo ya tsaya a kan filin da ƙafarsa, shi da mai filin da maƙwabta, a nuna maka iyaka kusurwa huɗu. Sannan ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a duba, domin su wurin da filin yake a taswira suke bi, su gaya maka ko yana da rajista, ko ya faɗa cikin inda aka tsara hanya. Mijina sai da ya yi haka muka ɗora bulo ko ɗaya.

Baban Hanan:
Allah ya saka muku da alheri, na ji sanyi a raina. Baba na gode, Maman Sadiq na gode. Na kira dillalin na ce Alhamis ba za ta yiwu ba sai na ga mai unguwa. Ya ɗan yi gunaguni, amma ya yarda mu haɗu gindin mangwaron nan ranar Lahadi bayan la'asar. Zan tafi da yayana da tef ɗin awo.