Kaurarran haruffa masu karkata a bangon littafi: a ina suka dace?

Mai zanen bango:
Assalamu alaikum. An ba ni aikin bangon wani littafin waƙoƙi, marubucin kuma ya ce yana son sunan littafin ya fito da kaurarran haruffa masu karkata, irin masu 'yan ƙafafu a bakinsu. Na gwada a manhajar zane ta CorelDraw, amma abin da ya fito bai kwanta mini a rai ba, kamar an tura haruffan ne da ƙarfi. Malamai, mene ne asalin irin waɗannan haruffa, kuma a ina ake amfani da su?

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kyautata zaton kwamfuta ce ta karkatar maka da miƙaƙƙun haruffa, alhali karkatattu na asali zanensu daban ne tun daga tushe. Ka dubi ƙaramin harafin a: a yawancin na asali yakan zama kamar wanda ake rubutawa da alƙalami, f kuma yakan sauko ƙasa da layi. Wannan salo ya fara ne a Benis ta Italiya a shekarar 1501, lokacin da Francesco Griffo ya sassaƙa shi wa maɗaba'ar Aldus Manutius, yana kwaikwayon rubutun hannu. Kaurin ya zo ne daga baya, a farkon ƙarni na 19 a Landan, inda irin su Robert Thorne suka yi haruffa masu kitse domin takardun talla da ake mannawa a bango, waɗanda dole ne mai wucewa ya karanta daga nesa. Saboda haka suna da ƙarfi, suna kuma da motsi, amma ba a yi su don dogon karatu ba. Kalma uku ko huɗu sun ishe su, kuma kada ka ƙanƙanta su, domin siraran layukansu kan ɓace a wajen bugu.

Mai tsara mujalla:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne batun da ya fi damuna, wato haruffanmu masu ƙugiya. Na taɓa tsara kanun wata mujalla da ke ɗauke da kalmar “ƙasa”, sai da aka buga na lura cewa ƙ ɗin ta fito siririya a tsaye, ta wani salo daban, a tsakiyar kaurarran 'yan'uwanta. Kafin ka zaɓa, ɗan'uwa, ka rubuta ƙ, ɗ, ɓ da manyansu ka gani da idonka. Salon haruffan nan mai suna Charis SIL na da su duka, har da kaurarran masu karkata, ko da yake an yi shi ne don cikin littafi.

Mai zanen bango:
Na gode ƙwarai, Baba da Yaya. Sunan littafin yana da ɗ guda biyu, don haka da gwajin nan zan fara yau da dare.