Jarina na atamfa ya maƙale a hannun dangi, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kwana biyun nan ko barcin kirki ba na samu. A Zariya nake aure, maigidana malamin makaranta ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya daina kai mu ƙarshen wata. Na shiga adashen matan layinmu. Da kwasata ta zo, na sayar da tunkiyar da Innarmu ta ba ni lokacin suna, na haɗa kuɗin na tafi Kano na saro atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ina ɗora hotuna a WhatsApp, wallahi kaya na tafiya, kuɗin ne ba sa dawowa. Yayar maigidana ta ɗebi turmi goma na ankon bikin 'yarta, ta ce sai an tara gudunmawa. An yi biki, amarya ta tare, shiru. Ga azumi na matsowa, lokacin ɗinkin Sallah, ba ni da na komawa sari, kuma zubin adashe na jirana.

Hajiya mai kayan ɗaki: Ƙanwata, ki saurare ni, na daɗe a harkar nan. Ba a sarin anko sai an ba da rabin kuɗi a hannu kafin ki hau motar Kano. Uwar kuɗi daban, riba daban, ko maggi kada ki saya da uwar kuɗi. Kowane bashi ki rubuta shi da ranar biya, Allah da kansa Ya yi umarni da haka a Baƙara, aya ta 282. Gobe ki shirya ki je gidanta ki tambayi haƙƙinki.

Maman 'yan biyu: Kin tuna min da 'yar baffana. Turaren wuta da humra ta kwasa na kayan lefe, yau ko gaisuwata ba ta amsawa, kuma ni aka mayar marar zumunci a gida. Abin na ci min rai har yanzu.

Anti mai ɗinki: Hajiya, a yi haƙuri, ban yarda ta je da kanta ba. Dangin miji ne fa. Maigidan ya yi wa yayarsa magana. Shin ya ma san da bashin?

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Ki gwada bankin Jaiz, ba sa harka da kuɗin ruwa.

Hajiya mai kayan ɗaki: A'a! Ana binta zubi, ta ƙara wani nauyin? Ta karɓo na hannun mutane tukuna.

Mai tambaya: Na gode, amma ba ku san matar nan ba. Ita ta riƙe maigidana har ya gama karatu bayan rasuwar mahaifinsu, da wane ido zan ce ta ba da rabi? Littafi kuma ina da shi, komai a rubuce yake. Ni abin da nake nema, ko akwai wadda ta san mai shago a Kwari da ke ba da kaya a sayar a kawo kuɗi?

Hajiya mai kayan ɗaki: Suna bayarwa, amma ga wanda suka daɗe da sani ko mai tsaya masa. Wa zai tsaya miki?

Anti mai ɗinki: Har yanzu ba ki ce ko maigidan ya sani ba.