Batun Uwa a Sama a cocin Mormon

Ɗaliba, Birni: Salamu alaikum malamai. Ina ƴan Mormon na Amurka suka samo aƙidar Uwa a Sama, wato cewa Uba na Sama (Allah) yana da mata, me kuma ya kai ga korar wasu mata daga cocin?

Malam, Zango: Wa alaikumus salam, ƴata. Rubutun da aka fi kafa hujja da shi waƙar Eliza R. Snow ce ta 1845, wata marubuciyar waƙoƙi ƴar cocin. Cocin bai musanta aƙidar ba, addu'a ce matsalar. A 1991 Gordon B. Hinckley, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin a lokacin, ya ce bai dace a roƙi Uwar ba, Uba kaɗai ake roƙo.

Malama, Sabon Gari: Haka ne, Malam. Janice Allred aka kora a 1995 kan rubuce-rubucenta game da Uwar. Kada ki haɗa ta da Kate Kelly, ita a 2014 aka kore ta, kan neman a bai wa mata limanci.