Gyaran ƙafar baya ta BMW M3 E46 a gida: me zan saya, kuma daga ina zan fara?

Mai M3: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da BMW M3 samfurin E46, ƙirar 2003, mai inji lita 3.2, kuma wata biyu ke nan bayanta yana ba ni tsoro. Idan na taka mai da ƙarfi bayan na fito daga kwana, sai in ji gindinta ya karkata gefe kamar wani ne ke juya tayoyin baya da nasa sitiyarin, a kan gargada kuma ina jin bugu daga cikin but. Tayar baya ta hagu ta cinye ta ciki. Ina so in yi aikin da hannuna a ƙarshen mako, domin ina da jak, da sifanoni, da daɓen siminti a tsakar gida. Ku taimaka mini da shawara kan kayan da zan saya.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Cuta biyu ka lissafa mana. Karkatar gindi da cin taya aikin bushin ne na dogon hannun da ya taso daga taya ya shige cikin bodi a gaban tayar baya, domin idan robarsa ta saki, tayar takan buɗe ta rufe yadda ta ga dama. Bugun but kuwa galibi mazaunin shakazoba ne na sama. Amma kada ka kashe ko sisi tukuna. Ɗaga motar, ka wanke ƙarƙashinta, ka haska tocila a wurare huɗu da sabfirem, wato firam ɗin ƙarfen da ke ɗauke da aksil da ƙafafun baya, ya kama bodi. Wannan samfurin ya yi suna da tsagewar ƙarfe a nan, kuma tsagar ta fi farawa a mazaunin baya na hagu da na gaba na dama, saboda yadda ƙarfin inji ke murɗa sabfirem ɗin. Takan fito siririya kamar gashi, wani lokaci jan layin tsatsa kawai za ka gani a kan baƙin fenti.

Injiniya: Abin da Baba ya faɗa shi ne farko. Game da bushin, ni na roba nake ba da shawara, na Lemförder, tare da zobban roba mai tauri da ake sa wa gefe biyu domin su hana shi zamewa hagu da dama. Dalilina shi ne wannan hannun ba sama da ƙasa kaɗai yake motsi ba, yana ɗan murɗawa yayin da taya ke hawa da sauka, kuma roba ce ke yarda da irin wannan motsi ba tare da ta cije ba. Ka ba mai kaya haruffa da lambobi bakwai na ƙarshen lambar shasi, kada ka tsaya a cewa E46 ce, saboda kayan M3 da yawa sun bambanta da na sauran motocin E46 irin su 318 ko 325.

Mai Wasan Mota: Injiniya, ranka ya daɗe, a nan ina da ja kaɗan. Bushin na kamfanin Powerflex, waɗanda suka fi na roba tauri, nake amfani da su a motar da nake wasa da ita a fili, kuma gindinta ya tsaya cak yadda na roba ba su taɓa tsayar mini da shi ba. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce suna son giris, kuma ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ɗin har su fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Idan motar Malam ta zuwa aiki ce da kai iyali unguwa, na sallama maka a kan dogon hannu, amma a bushin ɗin sabfirem ban sallama ba.

Injiniya: A sabfirem ba mu da saɓani, domin shi ba a son ya motsa ko kaɗan.

Alhaji na Kaduna: Kafin ku yi nisa da kaya, bari in yi maganar rai. Shekarun baya na ɗora wata mota a kan bulo biyu na shiga ƙarƙashinta, ina cikin jan noti na ji ƙas, bulon ya dare gida biyu, kuma tayar da na cire na tura ƙarƙashin bodi ita ce ta tare motar a saman ƙirjina. Malam, ka sayi ƙarafan tokare mota guda biyu masu kyau, jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Ka kuma sa waigi a tayoyin gaba, domin burkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, su ne kuma za su kasance a sama.

Mai M3: Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. To shakazoba fa, da sifirin? Wani ya yi mini tallan na Beljiyam da araha.

Tsohon Makanike: Ƙarfe ana iya sayen na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka idan ido ya gamsu da shi, amma roba da shakazoba ban yarda ba. An daina ƙera wannan motar tun 2006, saboda haka duk robar da aka ciro daga wata irinta ta tsufa kamar taka. Sayi Sachs idan laushin asali kake so, ko Bilstein B6 idan kana son ƙarin tauri a tsayin motar na asali. B8 na motar da aka sa wa gajeren sifirin ne, kuma da tudun rage gudu da ke titunanmu ban ga dalilin rage mata tsayi ba. Biyu ake canzawa tare. Aikin yana da sauƙi, domin a baya sifirin dabam yake da shakazoba: ka ɗaga kafet ɗin gefen but, noti biyu ne a sama, ƙusa ɗaya a ƙasa. Ka sa sabon mazauni da farantin ƙarfafawa a samansa, tun da ƙarfen wurin ba shi da kauri. Duba zagayen sifirin na ƙasa da hannunka, domin motocin da suka sha gishirin titi a Turai ko Amurka a nan suke karyewa, guntun ya kwanta a mazauninsa ba ka sani ba.

Injiniya: Ga inda masu aikin gida suka fi yin asara. Bushin na roba ba ya juyawa a kan ƙusarsa, murɗewa yake yi, don haka idan ka ɗaure shi tayar tana lilo a sama, da zarar motar ta sauka ya riga ya murɗe, kuma cikin 'yan watanni zai yage. Ƙusar shakazoba ta ƙasa sai nauyin mota yana kan ƙafar ake yi mata ɗaurin ƙarshe. Ƙusar tsakiyar bushin ɗin dogon hannu kuwa sifana ba ta kai mata idan mariƙinta ya koma raminsa, shi ya sa tun kafin ka kwance za ka ja layi da fenti daga mariƙin zuwa hannun, ka mayar da shi a daidai wannan kusurwa. Haka nan ka zana gefen mariƙin a jikin bodi kafin ka cire ƙusoshinsa uku, saboda da shi ake saita buɗewar taya. Ka kwance abin da ya riƙe bututun burki a jikin hannun kafin ka ja shi ƙasa. Wajen cire tsohon bushin, kada ka sa guduma ko wuta; dogon ƙarfe mai zare da noti da guntun bututu mai faɗi za su zaro shi a hankali. Ka ari sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ƙusoshin taya 120 Nm ne a ma'auninta. Bayan an gama, alaimen na tayoyi huɗu wajibi ne, layin fentin nan zai kai ka wurin masu alaimen ne kawai.

Mai M3: Jama'a, na dawo. Na wanke na haska kamar yadda Baba ya ce, kuma a mazaunin baya na hagu akwai layin tsatsa da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, farce yana shiga cikinsa. In ci gaba da aikin bushin, in bar wannan zuwa bayan salla?

Mai Walda: A'a, Yallaɓai, ka ajiye motar. Sabon bushin mai tauri zai ƙara tura wa wurin ƙarfi, tsagar ta yi gaba. Wannan kuma ba aikin tsakar gida ba ne, domin sai an sauke salansa, da farfela, da sabfirem ɗin gaba ɗaya da aksil ɗinsa, sannan a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya, a yi mata walda, a goge, a ɗora farantan ƙarfafawa a duka mazaunai huɗu, a rufe da fenti mai hana tsatsa. Tankin mai yana daf da mazaunan gaba, saboda haka duk mai waldar da ya ce zai yi ba tare da ya sauke shi ya kuma cire kan batir ba, ka ɗauke motarka. Shakazoba da mazauninsu ka yi su a gida yadda ka yi niyya, amma bushin ɗin sabfirem da na dogon hannu ka saya ka tafi da su, a sa su lokacin da komai yake ƙasa, alaimen ɗaya ya ishe ka.

Tsohon Makanike: Ka kai ta a kan motar ɗauka idan da hali, in kuwa tuƙa ta za ka yi, to a hankali, kuma ka bar tankin ya kusa ƙarewa domin sauƙin saukewa.