Hannu ya ƙi ɗaguwa bayan aikin wuya: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Baban Hafsat, Jega
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 24 da yi mini aikin wuya, ƙashi ne ya danne laka. Alhamdu lillahi ƙafafun da suka yi mini nauyi sun saki. Sai dai a kwana na uku na farka hannun dama ya ƙi tashi. Yatsu na motsi, biro ma ina riƙewa, amma daga kafaɗa zuwa damtse kamar ba nawa ba. Kabbara da hannu ɗaya nake yi, tuwo kuwa sai da hagu, ni da nake yi wa yara faɗa a kan haka. Likita ya ce jijiyar wuya ta biyar ce, C5, kuma galibi tana farfaɗowa. An tura ni sashen gashi a Birnin Kebbi, za a fara sa mini na'urar lantarki. Wanda ya san abin ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Su, Argungu
Wa alaikumus salam, Allah shi ƙara sauƙi. Irin naka sak na yi shekara biyu da suka wuce. Ka taɓa kama minjirya cikin koma? To kada ka tsorata, wutar na'urar ba ta kai rabin tata ba. Za su manna maka faifai biyu bisa kafaɗa, su riƙa murɗawa kaɗan kaɗan, ka ji kamar tururuwa na yawo ƙarƙashin fata, sai ka ga naman na harbawa da kanshi. Ranar farko dariya ta kama ni, hannun da ya ƙi jin maganata ga shi yana yi wa batir biyayya. Mai gashin ta ce duk sa'ad da wutar ta zo in yi ƙoƙarin ɗagawa tare da ita, kada in zauna kallo. Sai cikin wata na huɗu na kai kofi baki. Jefa birgi kuwa sai da shekara ta kusa zagayowa.

Maman Sadik, Kaura Namoda
Baban Hafsat, mu kuskurenmu zan ba ka. Maigidana aka yi wa. Zuwa Gusau sau biyu a mako ya gagare mu, ga kuɗin mota ga halin da hanya take ciki, sai muka sayi wata 'yar na'ura a kasuwa muka zauna gida. Wata biyu yana mannawa, hannun na rataye cikin majanyi. Da muka koma aka ce tamu TENS ce, ta rage zogi ce kawai, ba ta motsa tsoka ba. Abin da ya fi ciwo, kafaɗar ta sage. Jijiya ta fara dawowa amma gaɓar ta ƙi buɗewa, sai da aka yi ta miƙar da ita yana hawaye, dattijo da shi. Yanzu igiya muka rataya a reshen dalbejiyar tsakar gida, yana jan mai ciwon da mai lafiyar safe da yamma.

Mai Gashi, Gusau
Sannunku. Aikina ke nan, bari in sa baki. Wuta ba ta ɗinke jijiya. Jijiyar da ta ji rauni sosai tsirowa take da kanta, kimanin milimita 1 a rana, shi ya sa ake lissafi da watanni. Amfanin na'urar shi ne ta taimaka wa tsoka kada ta zube, ta kuma tuna wa mutum yadda ake motsa ta. Idan jijiyar ta daina kai saƙo gaba ɗaya, ƙananan na'urorin kasuwa ba sa ma motsa naman. Muna auna ƙarfi daga 0 zuwa 5. A 2 mutum na iya jan hannu a kan tebur, a 3 ya ɗaga shi sama da kansa. Ka tambayi makinka duk zuwa.
Kada a manna a gaban wuya, ko kan rauni, ko ga mai na'urar bugun zuciya. Kuma wuyan kansa kada kowa ya murɗa maka shi, ko mai ɗori ne, sai da izinin wanda ya yi aikin.

Hajiya Yar Zuru
Ƙarin bayani ga masu ciwon suga irina: fatar kafaɗata ba ta ji sosai, na yi ta cewa a ƙara wuta, ashe ƙuna nake. Tabon na nan kamar kwabo. A duba fata bayan kowane zama.

Malam na Yawuri
Ni ba zan ɓoye maka ba, nawa bai dawo duka ba. Wata shida babu ko motsi, aka yi mini gwajin jijiya da allura, EMG, likita ya kawo maganar dasa wata jijiyar, ya ce ita ma tana da lokacinta, ba a barin ta ta daɗe. Na tsaya shawara da dangi har lokacin ya wuce. Ina rubutu a allo da dama, in tallafo gwiwar hannun da hagu.

Baban Hafsat, Jega
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya aka fara, an ce ina maki 2. Ɗan Su, ka yi gaskiya, tururuwa ce. Maman Sadik, wace irin igiya kuka sa, kuma a zaune yake ja ko a tsaye? Gidana babu dalbejiya, sai dai ƙarfen rumfa.