Ina zan sami mai kiwon karnuka na gaskiya? Ɗan kwikwiyon Lhasa nake nema

Uwar yara uku, Jos

Barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A watan Afrilun bana na sayi ɗan kwikwiyon Lhasa, wani jinsin ƙaramin kare mai yawan gashi, daga wani mutum da na ga tallarsa a WhatsApp. Maigidana yana yawan tafiye-tafiye, muna son ƙaramin kare da zai yi haushi idan baƙo ya taɓa ƙofa da dare, wanda kuma yara za su iya kula da shi. Mutumin ya ce gidansa da nisa, don haka muka haɗu a wani gidan mai, ya miƙo mini kwikwiyon a cikin kwali tare da katin rigakafi, ya ce ya cika mako takwas. A rana ta huɗu ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. A asibitin dabbobi suka ce cutar parvo ce, suka duba haƙoransa suka ce da wuya ya wuce mako biyar. Kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa, daga baya ya mutu. Lambar mutumin ba ta ƙara shiga ba, ƙaramar 'yata kuma har yanzu ta hana a jefar da kwanon da yake cin abinci a ciki.

Yanzu wata biyar ke nan, mun sake yin niyya, kuma mutum biyu na samu. Ɗaya yana Abuja, ya turo hotuna masu kyau, ya ce in biya rabin kuɗi kafin alƙalami ya saka wa direba kwikwiyon gobe. Ɗayar wata mata ce a Bukuru, kuɗinta ya fi tsada sosai, ta ce zan iya zuwa in gani, amma ba za ta ba ni ba sai bayan mako uku, ta kuma yi ta yi mini tambayoyi kamar ni ce nake neman aiki a wurinta. Ta yaya ake gane mai kiwon da za a amince da shi?

Likitan dabbobi, Zariya

'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da ya faru, ki kuma rarrashi yarinyar. Kafin mu zo kan mai sayarwa, akwai abin da ya fi gaggawa, wato gidanki. Ƙwayar cutar parvo tana fita ne a cikin kashin karen da ya kamu, kuma tana da taurin rai ƙwarai. A ƙasa mai danshi da inuwa tana iya yin watanni da yawa, har shekara, kuma sabulu da maganin goge ƙasa na yau da kullum ba sa kashe ta. Daɓen siminti da tayil ana wanke su da ruwan bilic bayan an kwashe duk wani datti, amma turɓaya da ciyawar tsakar gida ba su wankuwa. Wata biyar, kuma da damina a tsakani, bai isa ya sa hankalinki ya kwanta ba. Tsummokaran da ya kwanta a kansu a ƙone su, kwanon da yarinyar take riƙe da shi kuma a jiƙa shi a bilic, kada sabon kare ya ci a ciki.

Game da mai kiwo, katin rigakafi shi ne abin da aka fi yaudarar mutane da shi, domin kowa yana iya sayen kati ya rubuta kwanan wata. Allurar da ke kare kwikwiyo daga parvo da sauran manyan cututtuka, wadda ake kira DHLPP, ana fara ta ne tsakanin mako shida da takwas, a maimaita duk bayan mako uku zuwa huɗu har ya kai mako goma sha shida. Dalilin maimaitawar shi ne, kariyar da ya sha a nonon uwarsa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma babu wanda zai ce miki ga ranar da wannan kariya za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo. Saboda haka wanda ya ce miki allura ɗaya ta gama komai, ko bai sani ba, ko kuma yana so ya rabu da ke ne. A katin ƙwarai za ki ga an manna 'yar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar maganin, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, ga sunan likita da hatiminsa da lambar wayarsa. Ki kira likitan a gaban mai sayarwa. Ki kuma tambayi wanda ya yi allurar, domin maganin yana bukatar sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma da halin wutar lantarkinmu, kwalbar da aka sayo a shago aka yawata da ita a aljihu ruwa ce kawai. Allurar haukar kare ana yin ta ne a wata uku, don haka idan kika gan ta a katin ɗan mako shida, katin ƙarya ne.

Ƙananan karnuka suna da nasu rauni. Sukarin jinin ɗan kwikwiyo yakan faɗi idan ya daɗe bai ci abinci ba, sai ki ga yana layi, jikinsa yana rawa, wani ma ya suma, kuma tafiyar Abuja zuwa Jos a cikin kwali a bayan mota ta isa ta jawo haka. Akwai kuma zamewar ƙoƙon gwiwa, wadda ake gado, inda za ki ga kare yana cikin gudu ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi taku biyu ko uku sannan ya sauke. Lhasa kuma an san su da matsalolin ido da na ƙoda da ke bin jini. Waɗannan ba a ganin su a jikin ɗan mako takwas, a jikin iyayensa ake neman alamarsu. Ku da kuke kusa da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, ba ku rasa likitoci ba. Ki sa sharaɗi cewa likitan da ke kika zaɓa zai duba kwikwiyon kafin ki cika kuɗi.

Dattijo mai kiwo, Kaduna

Likita ya yi bayanin magani, ni kuma zan yi maganar uwa, domin na shekara fiye da ashirin ina kiwon karnuka kafin ƙarfi ya ragu. 'Yata, abin da na Abuja yake nema ki yi, cinikin biri a sama ne. Hoto ana ɗaukowa daga ko'ina, kuma da yawa daga masu tallan nan dillalai ne, ba su taɓa kwana suna jiran karya ta haihu ba.

Idan kin je Bukuru, kada ki tsaya a falo a kawo miki kwikwiyo an yi masa wanka an taje shi. Ki ce a kai ki inda suke kwana. Hancinki zai fara ba ki labari kafin idonki, domin zarnin fitsarin da ya kwana biyu daban yake da na safiyar nan. Ki dubi uwar tare da 'ya'yanta. Karyar da take shayarwa ba ta ɓuya: nonuwanta sun saki, gashin cikinta ya ragu, 'ya'yan suna bin ta suna neman kamawa, ita kuma tana shinshinar su tana lasa. Na taɓa ganin inda aka ɗauko wata karya mai kyan gashi aka ajiye kusa da 'yan kwikwiyo don masu saye, amma ko kallonsu ba ta yi, sai neman hanyar fita take. Uwa takan ɗan rame bayan shayarwa, wannan ba laifi ba ne, amma idan haƙarƙarinta sun fito, gashinta ya cukurkuɗe, ko tana maƙalewa a lungu idan mai ita ya miƙa hannu, to ki san yadda ake zama da ita a gidan. Lhasa dama ba ta saurin sakin jiki da baƙo, tun a Tibet aikinta ke nan, tsaron cikin gida, don haka haushin farko ba aibu ba ne. Abin lura shi ne ko za ta natsu idan mai gidan ta yi mata magana.

Ki tambayi shekarun uwar da sau nawa ta haihu. Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuma wajen kwana 63 ne, saboda haka mai son kuɗi yana iya sa ta haihuwa ba hutu har ta ƙare. Ni ban taɓa yarda a yi wa karya barbara a karonta na farko ba, kuma ina tsallake mata karo bayan kowace haihuwa. Ki tambayi uban, ko ɗan gida ne ko na aro, ki kuma tabbatar ba ɗan'uwanta ba ne, domin ana yawan yin haka a nan don a guje wa kuɗin barbara. Kwikwiyon kuma ki ɗaga leɓensa ki ga dasashi ja-ja ne ba fari ba, ki buɗe kunnuwa da tsakanin yatsu ki nemi kaska, ki taɓa cibiya ko akwai kumburi. Ciki ƙato a jikin siririn kwikwiyo tsutsa ce, ba ƙoshi ba.

Tambayoyin da matar ta yi miki kuwa, su ne suka fi kwantar mini da hankali a duk labarin. Wanda ya raini abu da hannunsa yana so ya san inda za shi. Ni ma na sha mayar da mutane da kuɗinsu idan na ji za su ɗaure kare a rana da sarƙa.

Ɗalibi a Ingila

Abin da Baba ya faɗa, a nan doka ce. Tun watan Afrilun 2020 aka hana shaguna da dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata ko a karɓa daga gidan ceton dabbobi. Mai lasisi ba ya sayar da wanda bai kai mako takwas ba, kuma dole ya nuna shi tare da uwarsa a wurin da aka haife shi. Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar karnuka a nan, ita ma ba ta yi wa 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau huɗu rajista. Anti, tunda a gida babu wanda zai tilasta wannan, sai ki riƙe shi a matsayin ma'auninki. Ki kuma nemi a rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, a faɗi abin da zai faru idan likita ya gano ciwo a makon farko.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi

Ina da ɗan ja da yadda muka karkata gaba ɗaya zuwa ga matar Bukuru alhali babu wanda ya ga gidanta. Tsada ba shaida ba ce, masu yaudara ma sun koyi cewa mai saye yana ganin abu mai tsada shi ne mai kyau, sun kuma koyi yin tambayoyi. Ki nemi ta haɗa ki da mutum ɗaya ko biyu da suka sayi kwikwiyo a wurinta bara, ki ga karnukan da suka girma. Idan kin tarar da jinsi biyar ko shida a keji, kowanne da 'ya'ya, wannan kasuwa ce kawai. Sannan, Yaya, ki yi wa kanki tambayar da ita ba ta yi miki ba. Lhasa yana kai shekara 12 zuwa 15, gashinsa yana bukatar taza kusan kullum ko aski a kai a kai, in ba haka ba ya dunƙule ya zama maɓoyar kaska. Yaran da suke kuka a sayo yau, nan da shekara shida suna makarantar kwana, aikin ya dawo kanki.

Uwar yara uku, Jos

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar na je Bukuru da safe. Karnuka uku ne a gidan, uwar ce kaɗai take da 'ya'ya, guda huɗu, a wani ɗaki kusa da kicin, kuma sai da matar ta sa na cire takalmi na wanke hannu kafin in shiga. Uwar ta yi mini haushi, daga baya ta kwanta 'ya'yan suka hau kanta. Shekararta huɗu, wannan ce haihuwarta ta biyu. Da na ba ta labarin parvo, sai fuskarta ta canza, ta ce da ta sani da ba ta bar ni na shiga ɗakin ba, kuma ba za ta ba ni kwikwiyo a mako takwas ba. Ta ce ko in bar shi a wurinta har ya gama allurarsa a mako goma sha shida in riƙa biyan kuɗin abinci, ko in nemi wani wuri. Na amince, kuma ta ba ni lambar wani da ya sayi kare a wurinta a haihuwar farko, zan je in gan shi ranar Laraba kamar yadda 'yar'uwa ta Bauchi ta ce. Na Abuja da na nemi ya nuna mini uwar ta kiran bidiyo, sai ya ce tana gona.

Likita, tambaya ɗaya ta rage. Bayan allurar ƙarshe, kwana nawa ya kamata in jira kafin in bar shi ya taka ciyawar tsakar gida, ko kuwa gara in sa a kwashe ƙasar wurin a zuba sabuwa?