Ranar da aka cire Alƙalin Alƙalai: kowa ya faɗi abin da ya faru da shi

Tela a Jidda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya musu ya kaure a shagonmu kan Kotun Ƙolin Amurka, bayan wani yaro ya karanto mana cewa a Yulin 2024 wata 'yar majalisa ta nemi a tsige Clarence Thomas, ɗaya daga cikin alƙalan kotun, saboda kyaututtuka da tafiye-tafiyen da wani attajiri ya riƙa ɗaukar masa nauyi bai bayyana ba. Ni sai abin ya tuno mini da namu. Juma'a ce, 25 ga Janairun 2019, ina kan keke ina haɗa jallabiya, wayata a kan teburin yanka, na ji Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen. Kabbara na yi da ƙarfi. Abokin aikina ɗan Kalaba, jiharsu ɗaya da Onnoghen, wanda shekara shida muna cin kabsa a tire ɗaya, ya ajiye almakashi ya fice. Kwana tara ko gaisuwa ba ya amsawa. Har yau abin na damuna. Ku da kuka shiga irin wannan musun, yaya taku ta kaya?

Hajiya mai abinci, unguwar Misfala a Makka: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban yi kabbara ba, amma raina ya yi fari, kuma har gobe ban canza ba. Mutum yana shugaban alƙalan ƙasa ya ce ya manta bai rubuta asusun da ke ɗauke da daloli a takardar bayyana kadara ba? Mu nan harafi ɗaya ya kuskure a iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, sai ka yi wata kana zarya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne lauyoyi sun ƙaurace wa kotuna kwana biyu don nuna fushi, ranar shari'ar gadon gidanmu ta faɗo a ciki. Na aika wa ƙanena kuɗin mota da na lauya daga cinikin tuwo da miyar kuka, ya je ya tarar ba kowa, aka ɗage wata uku. Don mutum ɗaya sun rufe kotu, marayunmu kuwa wa ya taɓa rufe wani abu dominsu?

Ɗalibi a Madina: Hajiya, Allah ya saka miki, zafinki gaskiya ne. Ni ma a daren na rubuta a Facebook cewa ƙarshen ɓarayi ya zo. Washegari malamin da ya koyar da ni shari'a a Zariya ya kira ni, bai yi faɗa ba, ya ce in buɗe sashe na 292 na tsarin mulkin 1999 in karanta masa da bakina. Na karanta. Shugaban ƙasa ba ya cire Alƙalin Alƙalai sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun buƙaci hakan. Ga kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa da ke ladabtar da alƙalai. Duk ba a bi ta kansu ba kafin dakatarwar. Umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata aka riƙe, wanda aka bayar ba tare da an saurari ɓangarensa ba, ana saura mako uku zaɓen da ƙararsa za ta iya ƙarewa a gaban kotun da yake shugabanta. Malam ya ce, to idan gobe wanda ba ka so ya hau mulki ya yi wa alƙalin da ka yarda da shi haka fa? Na goge rubutun. Ban ce Onnoghen ba shi da abin tambaya ba, Hajiya. A Afrilun 2019 Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta same shi da laifi, a Nuwamban 2024 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, bayan sulhu da gwamnati. Shekara biyar ke nan, kuma talaka bai samu amsar da za ta kwantar masa da hankali kan kuɗin ba. Da a zauren majalisa aka baje maganar, kowa na kallo, da mun ji hujja da kunnenmu.

Hajiya mai abinci, Misfala: Ɗana, wace majalisa? Ka taɓa ganin sun haɗa kashi biyu cikin uku a kan babban mutum? Ka ce kawai a bar shi.

Ɗalibi a Madina: Da wuya kam. A Amurka ma sau ɗaya tal majalisar wakilai ta tsige alƙalin Kotun Ƙoli, Samuel Chase, a 1804, dattawa kuma suka wanke shi a 1805. Da gangan aka tsaurara hanyar, don kada alƙali ya riƙa yanke hukunci yana waiwayen fada.

Direba ɗan Mai Wurno, yanzu a Makka: Ku bari in sa baki, don mu a Sudan mun ga irinta. Oktoban 2019 aka naɗa Ni'imat Abdullah, mace ta farko da ta shugabanci alƙalan ƙasar. Ina Khartum lokacin ina tuƙa bas, mata suka yi ta guɗa a cikin motata. Kafin shekara biyu mutane sun gaji, iyayen yaran da aka kashe ranar 3 ga Yunin 2019 a zaman dirshan masu zanga-zanga a Khartum suna ta jiran shari'a shiru. Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallar 2021 Majalisar Ƙoli ta mulkin riƙon ƙwarya ta sauke ta. Ni da yayana muka kwana muna gardama a tsakar gida, shayi har ya huce. Shi ya ce ta gaza, a cire ta. Na ce masa Yaya, babu majalisar dokoki, babu Kotun Tsarin Mulki, idan masu mulki sun saba cire alƙali da sanarwa ɗaya, wa zai tsayar da su? Ya ce tsoro ya yi mini yawa. Wata biyar bayan nan sojoji suka kifar da gwamnatin Firaminista Hamdok. Ban ce cire ta ne ya jawo ba, amma ranar ba kotun da za a ruga. Yayan nawa yana Gadarif yanzu da iyalinsa, yaƙi ya tashe su daga gida. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Tela a Jidda: Allah ya kawo wa Sudan sauƙi, ɗan'uwa. Shi abokin nawa da ya dawo magana, abu ɗaya ya tambaye ni: da Onnoghen ɗan Bauci ne kamar Ibrahim Tanko Muhammad da aka ɗora a kujerarsa, zan yi kabbarar? Na rantse masa zan yi. Amma a 2022 da alƙalai 14 na Kotun Ƙoli suka rubuta takardar koke a kan Tanko, har ya ajiye aiki a watan Yuni bisa dalilin rashin lafiya, ko tari ban yi a shago ba. Ya lura, ya kalle ni, ya ci gaba da gugarsa.

Hajiya mai abinci, Misfala: Malam, ka ba shi haƙuri in ba ka ba shi ba. Ni dai shari'armu ta shiga shekara ta takwas, ƙaramin cikin marayun har ya gama sakandare. Ɗan Madina, idan ka san yadda ake rubuta takardar neman a gaggauta shari'a, ka taimake ni da ita kafin zaman wata mai zuwa.